Sauya ROM ɗin Commodore 64 a Legas: makunni, 'yar ƙwaƙwalwa, ko katirij?

Duk wanda tsohuwar kwamfutar gida Commodore 64 ta faɗo hannunsa a Legas, ko daga kayan tokumbo na Alaba ko daga kwalin wani ɗan'uwa da ya dawo daga Ingila, ba ya jimawa yake gane abin da ya addabi masu ita tun fitowarta a 1982, wato jinkirin lodi. Na'urar faifanta, 1541, abin da take turowa a daƙiƙa bai wuce bayit 400 ba. Wasa mai kilobayit 40 sai ya ci kusan minti biyu kana zaune kana kallon shuɗin allo. Babban dalilin yana cikin manhajar KERNAL, 'yar ROM (ma'ajiyar manhaja ta dindindin) mai kilobayit 8 da ke kula da kibod da allo da kaset, da kuma yadda kwamfutar ke magana da na'urar faifai. Shi ya sa tun a shekarun 1980 mutane suka riƙa cire ta suna sa wata. Wadda ta fi shahara ita ce JiffyDOS, kuma har yau da lasisi ake sayar da ita.

Sai dai JiffyDOS ta samu gurbin da ta zuba dabarunta ne da share sashen kaset. Ranar da ka sa ta, Datasette, na'urar kaset ɗin kwamfutar, ta daina aiki. Akwai kuma tsirarun wasanni masu nasu salon lodi da ba sa jituwa da ita. Don haka ake son ta asali da sabuwar su zauna tare a cikin kwamfuta ɗaya, mutum ya zaɓi wadda yake so. Ana iya yi da babbar ayisi (IC, 'yar baƙar na'ura mai ƙafafu da ake dasawa a allon lantarki) da makunnin hannu, ana iya ɗora wa wata 'yar ƙwaƙwalwa aikin makunnin, akwai allunan zamani da ke kwaikwayon ROM ɗin baki ɗaya, akwai kuma katirij, ɗan akwatin da ake sokawa a bayan kwamfutar, da ba ya buƙatar a kwance ko kusa ɗaya. In ka tambaye ni, ga mai kwamfuta ɗaya a garin nan, ayisin W27C512 a kan adafta da makunni mai sauƙi ita ce gaba. Amma wannan hukunci yana iya rushewa da zarar ka ɗaga murfi, saboda haka daga nan za a fara.

Kafin ka ɗauko sukudireba, kunna ta ka rubuta PRINT PEEK(65408). In ta ba ka 3, KERNAL ɗinka fitowa ta uku ce, wadda ta fi yawa a hannun mutane. In 0 ne ta biyu ce, in kuwa 170 ne to ta farko ce, kuma kana riƙe da tsohuwa ta gaske. Daga nan ka kwance kusoshi ukun da ke ƙasan gaba, ka duba lambar babban allon. Dogayen alluna irin su 250407 da 250425 da 250466 suna da ROM uku a jere, kowacce mai ƙafa 24: BASIC, ta yaren da ake ba kwamfutar umarni da shi, mai lamba 901226-01 a gurbin U3, KERNAL mai lamba 901227-03 a U4, sai ta haruffa 901225-01 a U5. Gajeren allo, 250469, wanda ake samu a C64C na baya-baya, ya haɗe BASIC da KERNAL cikin ayisi ɗaya mai ƙafa 28 da kilobayit 16, lambarta 251913-01. Abu na biyu da za ka duba ya fi lambar muhimmanci: a soket ayisin take zaune, ko an liƙe ta da dalma a jikin allo? Commodore ba ta tsaya kan tsari ɗaya ba. Sai ka ga alluna biyu masu lamba ɗaya, wannan da soket, wancan babu.

Dabarar zuba kwafi da yawa cikin ayisi ɗaya ba ta da wuya. Kwamfutar tana neman abin da ke cikin KERNAL ne ta layukan adireshi 13, daga A0 zuwa A12, kuma layi 13 ba ya iya kiran fiye da bayit 8192. Ayisin 27C512 kuwa kilobayit 64 take ɗauka, layukanta 16. Ka ɗauke ta kamar gidan haya mai ɗaki takwas iri ɗaya: kwamfutar ta san lungu da saƙon ɗaki, amma ba ta san akwai wasu ɗakunan ba, kai ne mai riƙe da makullin da ke nuna mata wanda za ta shiga. Makullin shi ne layuka ukun da suka yi saura, A13 a ƙafa ta 26, A14 a ƙafa ta 27, A15 a ƙafa ta 1. Kowannensu ana ɗaure shi da bolt 5 ta razisto mai 4.7k ko 10k, sai a sa makunni da zai ja shi ƙasa in an danna. Layi ɗaya yana ba ka zaɓi biyu, biyu su ba ka huɗu, uku su ba ka takwas. Wanda ba ka buƙata ka ɗaure shi sama ko ƙasa, kada ka bar shi yana reto. Ƙafar irin wannan ayisi da aka bari haka nan tana ɗaukar duk hayaniyar da ke kusa da ita, kwamfutar ta yi aiki yau, gobe ta ƙi, ka rasa dalili.

Inda aikin yake a dogon allo shi ne ƙafafu. Tsohuwar ayisin nau'in 2364 ce mai ƙafa 24, sabuwar 28 gare ta. In ka jera su daga ƙasa, mafi yawan ƙafafun suna faɗawa daidai, amma kaɗan suna saɓawa, kuma su ne ke kashe aiki. Ramin soket na 18 yana ɗauke da A11, alhali ƙafar sabuwar ayisin da ke faɗawa kansa ita ce ta 20, mai kunna ayisin, don haka dole a karkatar da A11 zuwa ƙafa ta 23. Rami na 21 yana ɗauke da A12, wanda a sabuwar yake can sama a ƙafa ta 2. Wutar bolt 5 tana rami na 24, sabuwar kuma a ƙafa ta 28 take sha. Rami na 20, mai gaya wa ROM cewa ita ake kira, yana faɗawa kan ƙafa ta 22, wannan ya yi daidai, sai a haɗa ƙafa ta 20 da shi ko a ja ta ƙasa. Waɗannan 'yan wayoyi su ne adaftar baki ɗaya. Mai gajeren allo ya huta da wannan, don soket ɗinsa ya riga ya dace da 27C128. Ƙafa ta 27 da ta 1 kawai zai tanƙwasa su fito waje ya kai su makunni. Amma shi kowane kwafinsa kilobayit 16 ne, BASIC a gaba KERNAL a baya, don haka 27C512 kwafi huɗu za ta ɗaukar masa, 27C256 kuma biyu.

Ana iya haɗa adaftar da hannu: soket biyu, ɗaya bisa ɗaya, a datse ƙafafun da suka saɓa, a bi da siririyar waya. Yana aiki, kuma a yammaci ɗaya an gama. Illarsa tsayi. Kwamfutoci da yawa suna da kwali mai rufin ƙarfe a saman allon, wasu farantin ƙarfe ne ma, kuma doguwar adafta tana iya taɓa shi ta haɗa wuta. Ƙaramin allo da aka buga a masana'anta ya fi kyau da aminci. Zanensa yana nan kyauta a intanet, kamfanoni irin su JLCPCB da PCBWay suna buga guda biyar a tashi ɗaya, sai dai ka haƙura da makonnin jiran kaya. Ko wanne ka bi, kada ka tura ƙafafu masu kusurwa huɗu, irin waɗanda ake sa wa Arduino, cikin tsohon soket. Sun yi kauri, suna buɗe bakin ramin, kuma in sun buɗe shi ayisin asali ba za ta ƙara kamawa ba. Sirara masu zagaye ake nema.

Yanzu wace ayisi? Ta gargajiya ita ce EPROM mai 'yar tagar gilashi, 27C256 ko 27C512. Wannan ce kaɗai da za ka iya tsinta a Legas ba tare da odar komai daga waje ba, domin tsofaffin kwamfutocin ofis na zamanin 386 da 486 da ita suke ajiye BIOS, manhajar da ke tayar da su, haka ma katunan sadarwa da tsofaffin firintoci. 'Yan'uwanmu 'yan jari-bola suna tara irin waɗannan alluna buhu-buhu. Na taɓa tsayawa a wata rumfarsu a hanyar Ojo ina jujjuya wani koren allo mai ƙura, ayisin na zaune a soket da takardar azurfa a bayanta. Mai rumfar, dattijo, ya dube ni ya ce, "Malam, kilo muke sayarwa, ba ɗaiɗai ba." Na ce, "Baba, wannan mai tagar kaɗai nake so." Ya kira yaronsa ya zaro ta da bakin wuƙa, ya karɓi abin da na miƙa yana dariya, a ganinsa na bar nama na ɗauki ƙashi. In za ka bi wannan hanya, ka roƙi a bar ka ka zare da kanka, a hankali daga gefe biyu, don ƙafafun da suka sha iskar teku suna karyewa in an tanƙwasa su sau biyu.

Matsalar mai taga ita ce gogewa. Sai an sa ta ƙarƙashin fitilar UV mai tsawon zango 253.7 nanomita na minti 15 zuwa 20, wato ƙarin na'ura ke nan da za ka saya. Za ka ji ana cewa a shanya ta a rana. Takardun masu ƙera ta sun ce rana tsaka tana ɗaukar kimanin mako guda, kuma wannan gargaɗi ne, ba hanyar aiki ba ce. A damina a Legas ma ina ranar take? Abin da gargaɗin ke koya maka shi ne ka rufe tagar da takarda mai duhu bayan ka rubuta. Ka kuma lura da harafin C a tsakiyar lambar. Tsofaffin 2764 da ba su da shi, wasunsu bolt 21 suke nema kafin su rubutu, na'urar rubuta ayisi ta TL866II Plus kuwa da ta cika kasuwa a 18 take tsayawa. Ƙanwarta T48 ita ce ke kaiwa 25.

Dalilin da ya sa na fifita W27C512 ta Winbond ke nan. Ƙafafunta iri ɗaya ne da na 27C512, girma ɗaya, amma ba ta da taga, na'urar rubutun ce ke goge ta da wuta cikin daƙiƙoƙi. Ka yi kuskuren jeri, ka goge ka sake, ba fitila ba shanya. Saurinta, nanosakan 45 ko 70, ya zarce abin da kwamfutar da ke gudu kusan megahaz ɗaya za ta taɓa nema, kuma ba ta zafi kamar tsohuwar, abin da ba ƙarami ba ne a ɗakin da fanka ke tsayawa in an ɗauke wuta. Tana da aibi ɗaya: an daina ƙera ta. Abin da ake sayarwa a intanet galibi cirarru ne daga tsofaffin kaya, an wanke an sake buga musu suna, wani lokacin ma sunan ba nasu ba ne. Maganin shi ne ka sayi biyar ko goma, suna zuwa ka bi su ɗaya bayan ɗaya da na'urar rubutu: ta karanta lambar shaidar ayisin, ta goge, ta tabbatar babu komai ciki, ta rubuta, ta sake karantawa. Wadda ta faɗi ko da mataki ɗaya ka jefar.

AT28C256 kuwa ina ba da shawarar a kauce mata a wannan aiki, duk da farin jininta wajen masu haɗa kwamfuta a gida. Ta fi tsada, rabin girman W27C512 ce, sannan akwai tarko a ƙafafunta. A jikinta A14 yana ƙafa ta 1, ƙafa ta 27 kuma ita ce mai ba da izinin rubutu. In ka dasa ta a adaftar da aka zana wa 27C256, makunnin da kake zaton yana sauya kwafi yana buɗe ƙofar rubutu ne, kuma abin da ke cikinta yana iya gurɓacewa. Wanda ya ƙi jinin cirarrun kaya gara ya duba SST39SF010A ko yayarta SST39SF040, waɗanda Microchip ke ƙerawa har yanzu, da bolt 5 suke aiki, ana samunsu sabbi fil daga dillalai na gaskiya. Ƙafa 32 gare su, don haka adaftarsu daban ce kuma ta fi tsawo. Ta 040 ɗin kilobayit 512 ce, gurbin KERNAL 64. Ban ga abin da mutum zai yi da 64 ba, amma ingancin ayisin shi ne abin saye.

Duk waɗannan suna buƙatar na'urar rubutu, kuma ita ce mafi tsada a lissafin. In sau ɗaya za ka yi aikin, ba sai ka saya ba. Masu gyaran laftof a Computer Village da ke Ikeja suna rubuta BIOS kullum, sai dai ka tambaya da kyau, domin da yawansu 'yar ƙaramar na'urar ayisi mai ƙafa 8 ce da su, ba za ta ɗauki mai 28 ba. Ka je da fayil ɗinka a haɗe. Wajen haɗa shi ne mutane suka fi tuntuɓe. Kowane kwafi dole ya zama bayit 8192 cif. In ka ga 8194, to akwai bayit biyu na adireshin lodi a gabansa, irin na fayilolin Commodore, sai an yanke su, in ba haka ba komai ya goce, allo ya yi baƙi. A Windows umarnin copy /b ne ke jera su, a Linux kuma cat. Sannan ka tuna razistocin suna jan layukan sama ne: in duk makunnan a buɗe suke, gurbi na ƙarshe kwamfutar ke gani, ba na farko ba. To KERNAL ta asali a ƙarshe za ka sa ta, don ko waya ta tsinke kwamfutar ta tashi yadda aka san ta. Guraben da ba ka da abin sawa ka cika su da ta asalin, kada ka bar su fayau. Kuma kafin ka ƙona komai, ka gwada kowane kwafi a VICE, manhajar da ke kwaikwayon Commodore a laftof.

Shi kansa makunnin, in kwafi biyu ne, ɗan ƙarami mai kai biyu ya wadatar. In huɗu ne ko takwas, akwai jeren ƙanana da ake turawa da bakin biro, akwai mai juyawa da ke fitar da lambar da kansa. Roƙona ɗaya ne, kada ka huda jikin kwamfutar. Robar ta haura shekara talatin, ta bushe, tana tsagewa, kuma huda ba ta komawa. Ka fitar da wayar ta ramin kaset ko na mashigar da ke kusa da shi a baya, ka gajarta ta iya yiwuwa. Kada kuma ka sauya tana kunne. Kwamfutar tana leƙa KERNAL kusan sau 60 a daƙiƙa don duba kibod da agogo, in ka janye mata ita a tsakiyar haka sai ta sandare. Ba ta lalacewa, amma abin da kake yi ya tafi. A kashe, a sauya, a kunna.

Wannan kashe-kunna ne ya sa aka ƙirƙiro marar makunni. Adaftar iri ɗaya ce, ayisin iri ɗaya, sai dai an ƙara 'yar ƙwaƙwalwa irin ATtiny ko PIC mai ƙafa 8 da ke riƙe da layukan saman. Tana sauraron maɓallin RESTORE. Ka danne shi na ɗan lokaci, fitilar gaban kwamfutar ta riƙa sauya launi, ka saki a kan launin da kake so, ita kuma ta sauya gurbi ta sake tayar da kwamfutar. Ka samu maɓallin sake tayarwa ke nan a kyauta, abin da Commodore 64 ba ta zo da shi ba. Yana da daɗi ƙwarai, kuma yana rage wa tsohon makunnin wuta wahala. Kuɗinsa shi ne ƙarin wayoyi zuwa layin RESTORE da na sake tayarwa a kan babban allo, da manhaja ta biyu da za a rubuta, da ƙarin wurin da matsala za ta ɓuya. Ranar da allo ya yi baƙi, mai makunnin hannu mita kawai zai ɗora a ƙafa uku ya san inda yake. Mai 'yar ƙwaƙwalwa sai ya fara tantance ko ita ce ta riƙe layin tayarwa ta ƙi saki. In kana yawan tsalle tsakanin kaset da faifai, ya cancanci wahalar. In JiffyDOS za ka zauna a kai wata da watanni, ado ne kawai.

Sabon shiga a fagen shi ne allon da ba shi da ROM ko kaɗan. Ƙwaƙwalwa ce mai sauri, irin STM32 ko RP2350 da Raspberry Pi ta fitar a 2024, take zaune a kan allo mai girman ayisin asali, tana kallon layukan adireshi tana amsawa kafin kwamfutar ta ankara. One ROM misali ne, kuma zanensa a buɗe yake ga kowa. Ƙafa 24 ne da shi, ba adafta, ba fitilar gogewa, masu mashigar USB kuma ba sa buƙatar na'urar rubutu. Ana zaɓar kwafi da 'yan gadoji a jikinsa, ko a kai su makunni. Babban amfaninsa ga mai gyara ne. Allo ɗaya yau ya zama KERNAL, gobe BASIC, jibi ROM ɗin haruffa mai nau'in 2332, ko ta VIC-20, yayar Commodore 64, ko ta na'urar faifai. Wanda ake kawo wa matattun kwamfutoci, guda biyu a aljihun teburinsa sun raba shi da neman ayisin da aka daina yi tun tuni. Ga mai kwamfuta ɗaya kuwa ban ga riba sosai ba. Daga waje zai zo, da kuɗin dala, in ya mutu sai wani ya sake zuwa, alhali W27C512 in ta mutu akwai 'yan'uwanta huɗu a leda.

To in ka buɗe ka tarar an liƙe KERNAL da dalma fa? Nan lissafin ya juya. Cire ayisi mai ƙafa 24 daga allo mai fuska biyu da ya kwana biyu a duniya ba aikin koyo ba ne. Zafi ya yi yawa, siririn layin tagulla ya ɗago, ka koma neman inda ya tsinke da mita. Kada kuma ka miƙa wa mai gyaran waya ya bi ta da bulowa. Gwaninta ce da su ta gaske, amma ta kayan da ake liƙawa a saman allo, wannan kuwa ƙafafunta sun ratsa rami, famfon zuƙar dalma da haƙuri take so. Tsofaffin masu gyaran rediyo da talabijin, irin waɗanda ake samu a Agege da Idi-Araba da kowace unguwa, su suka saba da irin wannan allo. Wasu suna datse ƙafafun ayisin su zare su ɗaiɗai, hanya ce mai kare allon amma tana kashe ayisin asali, ni kuwa ba na son a kashe abin da ke aiki.

Ga irin wannan kwamfuta katirij ya fi. EasyFlash 3 yana da gurbin KERNAL takwas, ana zaɓa daga jerin da ke fitowa a allo, a baya ake soka shi, ba a taɓa cikin kwamfutar. 1541 Ultimate II+ ma yana yin haka, ga shi yana kwaikwayon na'urar faifan gaba ɗaya, amma kuɗinsa ya fi na kwamfutar kanta a wurin mutane da yawa. Abin da za ka rasa shi ne mashigar katirij, don guda ɗaya ce, kuma ya toshe ta. Sannan katirij ba magani ba ne in KERNAL ta cikin ta lalace har tana dagula layukan bayanai, wannan sai an cire ta ko ana so ko ba a so. Amma kwamfuta mai lafiya da aka liƙe wa ROM, wadda mai ita bai taɓa riƙe ƙarfen dalma ba, ban ga hujjar buɗe mata ciki ba.

Kan yawan kwafi, kada lamba ta ruɗe ka. Mutane suna cika gurabe takwas da wasu KERNAL masu saurin lodi irin su SpeedDOS da DolphinDOS, alhali waɗannan biyun sai da wata waya ta musamman mai layi da yawa tsakanin kwamfuta da na'urar faifai, da gyara a cikin na'urar, kafin su nuna saurinsu. In ba ka da wannan, suna kawai ka ajiye. Ta asali da JiffyDOS su ne abin da akasarin mutane za su taɓa, wataƙila da ta uku wadda ka sauya wa launin allo ko gaisuwar farko don nishaɗi. Makunni biyu sun isa, ka ɗaure A15 sama, ka yi amfani da rabin ayisin.

JiffyDOS kuma ɓangare biyu ce. In ka sa ta a kwamfuta kaɗai, 1541 za ta ci gaba da tafiyarta ta da, sai ita ma an sauya mata ROM. Tsohuwar 1541 tana da guda biyu masu kilobayit 8, wadda ake sauyawa ita ce mai lamba 901229, ita ma ƙafa 24, wato adafta ta biyu ke nan. 1541-II kuwa guda ɗaya ce mai kilobayit 16 da ƙafa 28. Mai amfani da SD2IEC, 'yar na'urar da ke karanta katin memori a madadin faifai, ya tsira daga wannan, domin ta riga ta iya yaren JiffyDOS. Ka sa wannan a lissafinka tun wajen oda, kada kaya su iso ka ga saura adafta ɗaya.

Kafin ka soka ko ɗaya daga cikin waɗannan, ɗora mita a kan tiransifomar kwamfutar. Ta asalin tana ba da bolt 5 na tsaye da bolt 9 mai juyawa, an cike cikinta da ƙaro ba ta gyaruwa, kuma in ta tsufa ɓangaren bolt 5 ɗin hawa yake yi, ya ƙone ayisin RAM da duk abin da ka sa sabo. In ka ga ta haura 5.2, ajiye ta ka nemi sabuwa. In kwamfutar daga Amurka ta zo, tiransifomarta ta bolt 120 ce, wutarmu kuwa 230, sai da na'urar rage wuta. Kuma da janareto ko da wutar gari, ka bi da ita ta sitabilaiza.